Talo-talon Daji Uku a Missouri: Yadda Wani Bazazzage Ya Koyi Gyaran Naman Farautarsa

Mutumin da wurin

Mutumin da wannan bayani ya shafa Bazazzage ne, yana aiki a birnin St. Louis na jihar Missouri a Amurka, yana zaune da matarsa da 'ya'ya uku. A gida ya tashi yana yanka kaza da zabo, ya iya figa, ya iya babbaka, ya san yadda ake cire maɗaciya daga jikin hanta ba tare da ta fashe ba. Abokin aikinsa, wani Ba'amurke da danginsa ke da gona a tsaunukan Ozark, tafiyar awa biyu da rabi a mota daga birni, shi ya fara gayyatarsa farautar talo-talon daji.

Tsuntsun ɗan asalin Arewacin Amurka ne, kuma kakan talo-talon da muke kiwo. A farkon ƙarni na 20 farauta da saran daji sun kusa ƙarar da shi. Hukumar kula da namun daji ta Missouri ta riƙa kamo tsuntsaye daga inda suka rage tana sakinsu a wasu dazuzzuka tun daga 1954 har zuwa 1979, kuma a 1960 aka sake buɗe farautar bazara. Saboda wannan tarihi dokar tana da tsauri. Lokacin farauta mako uku ne, yana farawa wata Litinin cikin Afrilu. Namiji ko mai gemu (wani gashi mai tauri da ke tsirowa a ƙirjin tsuntsun) kaɗai ake harbi, biyu ga mazaunin jihar, kuma ɗaya tak a makon farko. Wanda ya harba sai ya kai rahoto ga hukumar ta tsarin Telecheck, wato ta waya ko intanet, kafin ƙarfe 10 na daren ranar, kuma kafin rahoton ba a raba tsuntsun da kansa da gashinsa. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1967 zuwa sama sai ya yi kwas ɗin ilimin farauta. Mutumin namu ya yi kwas ɗin, ya sayi lasisi.

Ya kuma tambayi limamin masallacinsu. Liman ya karanta masa hadisin Adiyyu ɗan Hatim, ya ce ya ambaci sunan Allah lokacin da zai harba, in ya iske tsuntsun da sauran rai ya yanka shi. Ta wajen halasci da ta wajen doka ya shirya. Gyaran nama kuwa bai tambayi kowa ba, don yana ganin wanda ya fige zabi ɗari ba ya neman malami a kan talo-talo guda.

Afrilu 2022: na farko

A shekarar an buɗe farauta ranar 18 ga Afrilu, cikin watan azumi. Suka fita Asabar ta farko, bayan sahur da asuba. Wajen ƙarfe 7 na safe wani babban namiji ya amsa kira ya fito fili. Ya yi bisimilla ya harba, amma tsakiyar jiki ya auna maimakon kai da wuya. Tsuntsun ya faɗi yana shure-shure, ya ruga ya yanka shi, ya bar kan a jiki. Da suka ɗora a sikeli ya kai kilo 9 da rabi.

Abokin bai samu nasa ba tukuna, kuma a lokacin doka ta ba da damar harbi har ƙarfe 1 na rana. Sai ya zura tsuntsun yadda yake, da hanjinsa da komai, cikin baƙar ledar shara don kada jini ya ɓata mota, ya ƙulle bakinta, ya sa a but, suka koma daji. Da safe akwai sanyi, har da rigar ɗumi a jikinsa. Zuwa azahar ma'aunin zafi na motar yana nuna digiri 25 na Celsius. Bai isa gida ba sai bayan ƙarfe 4 na yamma, wato awa 9 da harbi.

Yana kwance ledar a gareji wari ya bugo shi. Fatar ciki ta yi kore-kore. Da ya tsaga ya ga ƙwayoyin harsashi sun huda hanji wuri-wuri, abin da ke ciki ya malale har tsakanin cinyoyi. Ya gwada abin da ya sani: ya wanke da ruwa mai yawa, ya goga lemun tsami da gishiri, ya jiƙa a ruwan tsami na kwalba. Warin ya ragu a sama, amma da ya yanka tsokar ƙirji ya shinshina cikinta, yana nan. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, wannan ba za a ba masu azumi ba." Aka zubar da shi gaba ɗaya. Ya gaya mini daga baya cewa abin da ya fi ci masa rai ba asarar naman ba ce. Ya kashe rai da sunan Allah, ga shi ba wanda ya ci ko loma ɗaya. Bai sake fita ba a wannan shekarar.

Tsakanin 2022 da 2023: abin da ya gyara

Ya zauna da mahaifin abokinsa, dattijon da ya shekara da yawa yana wannan farauta, ya kwashe labarin duka ya faɗa masa. Dattijon ya nuna masa abu uku.

Na farko, zafin jikin tsuntsu ya kai wajen digiri 41, kuma talo-talon daji yana ɗauke da gashi tsakanin 5,000 zuwa 6,000. Wannan gashin da ke kare shi daga sanyin hunturu shi ne ke riƙe zafin a ciki bayan ya mutu. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 4 zuwa 60, don haka tsuntsun da ba a cire wa hanji ba, a cikin leda, a but ɗin mota, yana ɗumame cikin wannan zango awa bayan awa. Na biyu, kai da wuya ake auna, don gashin fukafukai yana tare harsashi kuma harbin jiki yana fasa hanji. Na uku, a zo da kula da ƙanƙara tun daga gida, ko da gari ya waye da sanyi.

Ya yi atisayen harbi a kan takarda mai zanen kan talo-talo daga nisan mita 25 zuwa 30 har ya san inda bindigarsa ke watsa harsashi. Ya sayi babbar kula da safar hannu ta roba, don tun 2022 murar tsuntsaye ta bazu a Amurka kuma hukumomi suna shawartar mafarauta su sa safa in za su taɓa cikin tsuntsu.

Afrilu 2023: na biyu

An buɗe ranar 17 ga Afrilu, ƙaramar Sallah ta kama Juma'a 21 ga wata. Ya fita washegarin Sallah, da niyyar ya ciyar da baƙin da zai karɓa ranar Lahadi. Ƙarfe 8 saura ya harbi namiji mai kilo 10, a wuya. Cikin minti 20 ya kai rahoto ta waya, ya cire hanji, ya cusa ledar ƙanƙara a cikin, ya sa a kula. Tsuntsun ya iso St. Louis da sanyinsa, ba wari ko kaɗan. Matsalar bara ta kau.

Wata kuma ta taso a kicin. Ya tafasa ruwa a babbar tukunya ya kwarara masa kamar yadda ake yi wa kazar gida. Ruwan ya dafa fatar, tana bin gashin tana yagewa, musamman a ƙirji. Figar ta ci fiye da awa guda, aka ƙare da tsuntsu rabi da fata rabi tsirara. Bai cire wani kitse mai laushi kamar soso da ke saman ƙirji ba, wanda namiji ke tarawa domin lokacin barbara, don ya ɗauka zai ƙara maiƙo.

Ranar Lahadi suka bi tsarin da maƙwabta ke bi wajen gasa talo-talon kanti a bikin godiya na watan Nuwamba: a sa shi ɗungurungum a tanda, digiri 175. Bayan awa 2 da rabi ƙirjin ya nuna, cinyoyin kuwa wuƙa ba ta shiga. Suka ƙara awa guda da rabi. Da aka kawo gaban baƙi, ƙirjin ya bushe ya zama kamar tuƙar rake, ƙafafun suna nan da tauri, kuma wajen da kitsen nan ya narke yana da wani ƙarni. Ƙaramin yaronsa ya tauna ƙwayar harsashi guda, Allah ya tsare haƙorin. Baƙi suka ci shinkafa da miyar kaza.

Uwargida ba ta yarda a zubar ba. Da dare ta yanke ƙafafun biyu ta jefa a tukunya da albasa, citta, masoro da attarugu, ta bar su a kan ƙaramar wuta. Bayan awa 3 naman ya saki ƙashi da kansa. Farfesun da aka sha ranar Litinin shi ne abu na farko mai daɗi da ya fito daga farautar shekara biyu.

Wayar Zariya

A cikin makon ya kira mahaifiyarsa, yana ba ta labarin Sallah, har ya kawo zancen talo-talon. Ta tambaye shi me tsuntsun ke ci, ina yake kwana. Ya ce 'ya'yan itatuwa da ƙwari da tsaba yake tsinta, yini yake yana yawo a tudu da kwari, da dare ya tashi sama ya kwana a bishiya.

Ta ce, "To ai ɗan nan, tsohon zabon daji ka samu, kake masa girkin kazar gidan gona. Ƙafar da ta yini tana hawan dutse ba a gasa ta. Dafa ta ake yi ta yi lugub a daka. Ƙirjin kuma ba shi da mai, in ya daɗe a wuta ya mutu. Ka raba su."

Ya ce, "Hajiya, dambu ke nan?"

Ta ce, "Dambu mana. Ƙirjin ka yanyanka shi fale-fale ka yi tsire."

Afrilu 2024: na uku, a daji

Lokacin farauta ya kama 15 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu. Ya fita Asabar 20 ga wata. Ƙarfe 6:50 ya harba daga nisan kamar mita 25, a wuya, ya iske shi da motsi ya yanka. Kilo 9. Ya kai rahoto nan take, don ya samu damar yin aiki a kan tsuntsun ba tare da ya saɓa doka ba.

Ya sa safa, ya kwantar da shi rigingine. Ya lalubo ƙarshen ƙashin ƙirji, ya tsaga fata kaɗai daga nan zuwa dubura, bakin wuƙa yana kallon sama don kada ta taɓa hanji. Ya zagaye duburar da wuƙa, ya zura hannu har can gaba, ya jawo kayan ciki a dunƙule. Ya ware zuciya, hanta da ƙundu. Maɗaciyar ya cire ta kamar yadda ya saba tun yana yaro. Huhu yana manne da haƙarƙari ta baya, sai da ya kankare shi da yatsa. Sannan ya tsaga ƙasan wuya ya ciro jakar abincin da ke nan, wadda ya samu cike da ɗanyen ganye da ƙwari, ya yanke kitsen nan mai kama da soso ya yar. Bai wanke da ruwan rafi ba. Ya goge cikin da tawul na takarda, ya rataye tsuntsun a inuwa minti 15 iska ta shiga, ya cusa ƙanƙara a leda, ya sa a kula, ya buɗe mazurarin kular don ruwan da ya narke ya riƙa fita. Daga harbi zuwa rufe kula minti 35 ne.

Ranar a gida: fiɗa maimakon figa

Tunda ba zai gasa shi ɗungurungum ba, fata ba ta da amfani a wurinsa. Dattijon ya riga ya gaya masa cewa mai son fata ko dai ya fige tun jikin da ɗumi, ko ya tsoma a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 65 na kamar minti guda, ba tafasasshe ba. Shi ya zaɓi fiɗa.

Ya fara cire gemun, wanda a gaskiya wani irin gashi ne mai tauri da ke tsirowa a ƙirji, ya ajiye wa yara tare da jelar. Ya tsaga fata a tsakiyar ƙirji ya ja ta hagu da dama kamar ana tuɓe riga. Ya bi gefen ƙashin ƙirji da wuƙa, yana jan tsokar da ɗaya hannun, har ɓari guda ya fito, sannan ɗayan. Biyun sun ba da kilo 2 da rabi. Ya danna kowace cinya baya har gaɓar ƙugu ta ɓalle, ya yanke. Ƙafafu da cinyoyi da ƙashinsu kilo 2. Fukafukai, wuya da ƙashin baya ya sassare don romo. Mafarauta da yawa a can ƙirji kaɗai suke damuwa da shi, alhali kusan rabin abin ci yana sauran jikin, kuma dokar Missouri ta hana watsar da sashen naman daji da aka saba ci. Aikin duka minti 40.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne neman harsashi. Ya ɗaga kowane yanki a gaban fitila yana duba ƙananan huji. Ƙwayar harsashi takan ja guntun gashi ta shige da shi cikin tsoka, don haka duk inda ya ga ɗigon baƙi ya bi shi da bakin wuƙa. Ya ciro ƙwaya 3, duka a saman ƙirji kusa da wuya, ya yanke inda jini ya kwanta.

Bai dafa komai ba ranar sai hanta da ƙundu da zuciya. Sauran ya jera a faranti, ya rufe, ya sa a firji mai sanyin digiri 3. Tsoka takan sandare bayan mutuwa, kuma in aka dafa ta a wannan hali tauri take yi. Ya ba ta kwana biyu.

22 da 23 ga Afrilu: girki biyu

Litinin da dare ya narkar da gishiri giram 120 a ruwa lita 2, ya jiƙa ɓarin ƙirji guda a ciki, a firji, awa 10. Ɗaya ɓarin ya naɗe ya sa a firiza. Da safe ya tsame, ya ɗauraye, ya tsane. Da yamma ya yanka shi fale-fale, yana gitta zaren tsokar, kaurin bai kai rabin santimita ba. Ya shafa man gyaɗa sosai, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da citta da barkono, bai ƙara gishiri ba. A kan garwashi kowane gefe bai wuce minti 2 zuwa 3 ba. Ya soka ma'aunin zafi a yanka mafi kauri, da ya nuna digiri 74, wanda shi ne abin da ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙayyade wa naman tsuntsu, ya sauke.

Ƙafafun uwargida ta karɓa. Ta dafa su da albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari da ɗan daddawa, wuta ƙasa-ƙasa, awa 3 da rabi, tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. A nan suka ga abin da ya hana wuƙa shiga bara: ƙwaurin yana cike da jijiyoyi da suka zama kamar siraran ƙasusuwa, masu tsini. Bayan doguwar dahuwa sai suka riƙa zarewa da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta tsince su tas, ta daka naman a turmi, ta soya a mai kaɗan tana juyawa har ya bushe ya warware. Naman baƙi ne, ya fi kama da na rago a ido. Dambun ya cika kwalba biyu, ya yi mako uku ana ba yara da burodi. Ƙasusuwan suka ba da romo lita 3.

Ya kai wa dattijon gonar tsire da kwalba guda. Dattijon ya ce a aiko masa da yadda ake yin dambun a rubuce.

Abin da ya sa na uku ya yi

A ganina matsala biyu ce daban-daban, kuma da yake ta farko ta rufe ta biyu, sai da ya ci shekara biyu kafin ya gan su duka. Ta 2022 ta zafi ce da lokaci. Kazar gida daga yanka zuwa tukunya ba ta kai awa guda, shi ya sa wanda ya koyi aikin a tsakar gida bai taɓa buƙatar tunanin sanyaya nama ba. A farauta kuwa tsakanin yanka da tukunya akwai daji da hanya. Lemun tsami da gishiri ba su yi komai ba don lalacewar ta riga ta shiga cikin tsoka. Abin da ya magance ta shi ne harbin wuya da cire hanji cikin rabin awa, ƙanƙara ta biyo baya. Da ya sa ƙanƙara a kan tsuntsun da ke da gashi da hanji, da cikin ya daɗe da ɗumi.

Ta 2023 ta girki ce, kuma ba laifin tanda ba ne. Talo-talon kanti ana yanka shi yana ɗan watanni, bai yi gudu ba, bai tashi sama ba, sau da yawa ma an riga an yi masa allurar ruwan gishiri. Namijin daji ya shekara biyu ko uku yana yawo. Ƙirjinsa yana so a sauke shi da zarar ya kai digiri 74, ƙafarsa kuma tana so ta yi awa uku a ruwa kafin jijiyoyin su saki. Babu zafi ko lokaci guda da zai gamsar da su biyun a tanda ɗaya. Ruwan gishiri da hutun kwana biyu sun taimaka wa ƙirjin, amma ina ganin raba tsuntsun gida biyu shi ne ya yi babban aikin, don farfesun daren Lahadin 2023 ya yi laushi ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abu guda bai warware ba. Fiɗa tana zubar da fata, kuma uwargida tana son fatar a farfesu. Ɓarin ƙirjin da ya sa a firiza sun ci shi a watan Yuni, da babbar Sallah, tare da naman layya, kuma ya ce in Allah ya kai mu wata bazara zai tafi da buhu ya gwada fige cinyoyin a daji tun da ɗuminsu.